Kawu Magatakarda da Ƙarar da Ba Ta Kwana Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a Gumel ana gab da faɗuwar damina. Ni na zauna a tsakar gida ina karɓar gaisuwar mata, kuma wallahi rabin waɗanda suka shigo ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Wata tsohuwa daga Gagarawa Tasha ta shigo da sandarta, ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Bawan Allahn nan ya taɓa sa ni asarar kuɗin mota a banza, na fita daga ofishinsa ina tsine masa." Mata suka kalli juna. Sai ta ja gefen zanenta ta rufe fuska, ta yi ta kuka har sai da aka ba ta ruwa. Da ta natsu ta ce ƙanenta ta je kaiwa ƙara a ranar, kuma yau ƙanen nan shi ne ya biya mata kuɗin motar zuwa gaisuwa.

Madam ma ta zo. 'Yar Filato ce, Kirista, ita ce mai buga tafireta a kotun da Kawu ya yi aiki, kuma bayan ta yi ritaya ba ta koma gida ba, Gumel ta riƙe ta. Ta zauna kusa da ni ta yafa mayafi kamar kowa. Ta ce da azumi takan zagaya bayan ofis ta ci abincinta a ɓoye, sai rannan Kawu ya ɗauko kujerarta da kansa ya bi ta da ita, ya ce, "Madam, azumina ne, ba naki ba. In ba za ki ci a gabana ba, to ki ci a zaune."

Amma abin da ya fi yawo a bakin masu gaisuwa ba alherin mamaci ba ne. Duk wadda ta shigo sai ta rage murya ta ce, "Ashe da gaske ne? Tabarma biyu aka shimfiɗa a waje?" Da gaske ne. 'Ya'yan Kawu maza biyu ne, Yaya da Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowa da tabarmarsa yake karɓar gaisuwar ubansa, ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a gindin darbejiya. Akwai shari'a tsakaninsu a kotu, an riga an sa rana. Duk Gumel ta zuba ido ta ga ko mutuwar nan za ta sa a janye.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don na lura mutanenmu akwai saurin mantuwa, ana share makoki ake share mutum.

Magatakardan kotu ne Kawu, tun ina yarinya har ya yi ritaya. Teburinsa na bakin ƙofa, duk mai son shigar da ƙara ta gabansa zai bi, ya biya kuɗin ƙara, a ba shi rasit, a rubuta sammaci. Aikin ke nan, ba wani abu mai wuya ba. Shi ne ya mai da shi mai wuya. In baƙo ne aka cuta a kasuwar Maigatari, ko mace ta zo da fuska a kumbure, kafin ka ce kwabo ya rubuta. Amma in ya tambaye ka, "Wa kake ƙara?" ka ce wanka, ko ƙanenka, ko maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku, sai ya rufe biro. Ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Mai da kuɗinka aljihu. Je ka ƙarar ta kwana. In ta wayi gari da rai, ka kawo ta, ni zan rubuta da hannuna."

Wasu sukan dawo, ya rubuta ba musu. Da yawa ba sa dawowa. Yakan ce, "Ku duba sunanta mana. Ƙara. Kun taɓa jin ta rage wani abu?"

Ba zan yi masa kwalliyar ƙarya don ya mutu ba. Akwai waɗanda dabarar nan ta cuta. Mutum ya taso tun daga ƙauyen Sule Tankarkar, ya sayar da kazarsa ya yi kuɗin mota, a ce ya koma ya kwana, ina zai samu na dawowa? Akwai raunanan da suka haƙura ba don zuciya ta huce ba, sai don aljihu ya huce, mai ƙarfi ya cinye su. Na taɓa faɗa masa haka ƙiri-ƙiri. Ya ce, "Uwata, wannan ma zan amsa shi gaban Allah." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma da wannan sunan na samu bakin gaya masa abin da 'ya'yansa ba sa iya gaya masa.

Na sama da shi ma ba su so abin ba. Kotu da kuɗin shiga ake auna ta, kuma kotun Kawu kullum ita ce a baya. Wani mai duba aiki ya taɓa zuwa ya ce masa, "Malam, kana korar kuɗi daga bakin ƙofa, sannan ka rubuto mana wai rufi na yoyo, babu takarda, babu man babur ɗin masinja. Daga ina za su fito?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da nake turawa ma ban ga sun dawo sun zama kwanon rufi ba." Daga ranar aka sa masa ido, ƙarin girma ya yi ta wuce shi. Takardar aiki da tawada kuwa daga albashinsa yake saye, matarsa tana mita, shi ko a jikinsa. Da damina yakan jawo teburin daga inda ke ɗiga ya kafa bokiti, ya ci gaba da rubutu.

Rubutunsa kuwa, kai! Ban taɓa ganin mai kishin ƙugiyar harafi irinsa ba. Tafiretar Madam ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa, don haka duk takardar da ta buga sai ya bi ta layi-layi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa. Ina makarantar kwana na rubuto masa cewa ina gaida "kowa da kowa har da Baba Karami", ya ajiye wasiƙar har na dawo hutu, ya nuna mini ya ce, "Wane ne Karami? A danginmu dai Ƙarami na sani." Ni yanzu malamar firamare ce, kuma ɗalibaina sun san ba na yafe ƙugiya. Gadon da ya bar mini ke nan.

Bayan ritaya matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma. Yaya yana Ɗanzomo yana noma, Auta yana Kano yana harkar kayan gini. Ni ce a kusa, ni nake aika masa tuwo, in na taso daga makaranta in biya in same shi a zaure shi da rediyo. Abokan hirarsa sun yi ta tafiya har zauren ya koma daga shi sai buzunsa. Wani lokaci in tarar ya yi shiga tsaf, hula da babbar riga, kamar mai shirin fita aiki, alhali ba inda za shi.

A rediyon ya fara jin an kawo tsarin shigar da ƙara ta na'ura. Ya sa ni na yi masa bayani iya sanina: lauya ko mai shagon kwamfuta ya cike maka komai, ka biya ta banki ko ta waya, lamba ta fito, shi ke nan ƙara ta shiga. An ƙayyade kuɗin, ba ragi ba ƙari, kuma an ce wani kaso zai riƙa komawa kotunan don gyara da kayan aiki. Na zaci zai kushe. Sai ya ce, "Madalla. An ɗinke aljihun ɓarayi. Na zauna da waɗanda rasit biyu suke yankawa, na sani." Sannan ya ce, "To amma Uwata, wa ke kallon idon mai ƙarar?"

Na ce, "Babu kowa, Kawu."

Ya ce, "Ko da tsakar rana, mutum na cikin fushi?"

Na ce ko yana kan gadonsa. Ya murɗa rediyon ya canja tasha.

Rigimar 'ya'yansa a kan gonar mahaifiyarsu ce, ta Ɗanzomo, wadda titi ya bi ta gefenta. Kawu ya yafe nasa kason tun a zaman makokinta, ya ce su biyu su san yadda za su yi. Yaya ke noma ta, riɗi da gero, tun tana da rai. Auta ya ce a yanka masa rabonsa ta bakin titi zai yi shaguna. Yaya ya ce bakin titin nan ne ya shekara yana zuba wa taki, a yanka ta baya. Magana ƙarama, wadda da a ofishin Kawu ta zo ko kwana ba sai ta yi ba. Amma aka yi ta jan ta a waya, kowa na da masu zuga shi, har suka daina gaisawa. Ni taubashiyarsu ce, na zage su tas, ɗaya bayan ɗaya, wasa-wasa da gaske-gaske. Yaya ya ce in yi harkar gabana, Auta ya yi dariya ya kashe waya.

Rannan na shigo zaure na tarar da Kawu fuska kamar gonar auduga. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar matarsa. Ya miƙo mini 'yar wayarsa ya ce, "Karanta, ki ga ɗan albarka." Saƙon Auta ne, ga yadda ya rubuto shi: "Baba maganar gona na duba na ga kara ce kawai mafita tsakanina da Yaya. Na riga na yi."

Kawu ya ce, "Kin gani? Kara! Ya yi wa wansa kara, ya bar masa. Na san nonon da ya sha ba zai bar shi ya kunyata ni ba."

Na ce, "Kawu, yaran nan fa ba sa sa ƙugiya a waya. Anya ba ƙara yake nufi ba?"

Ban taɓa ganin ya fusata da ni irin ta ranar ba. Ya ce, "Ɗana ya yi makaranta, a gabana ya koyi rubutu! In ƙara yake nufi zai rubuta ƙara. Ke dai ba kya son a ce an shirya, bakinki ya saba da tsiya." Na ce a kira shi mana a ji. Ya ce ba zai kira ba, wanda ya yi abin kirki ba a titsiye shi da tambaya, kuma ai ya riga ya mayar masa da amsa. Ya nuna mini: "Ka kyauta. Allah ya yi maka albarka." Na ɗauki kwanukan jiya na fita raina a ɓace. Na kira Auta a hanya bai ɗauka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gane abin da ke cikin mutane tun daga tafiyarsu, ga shi harafi ɗaya ya kayar da shi, don abin da zuciyarsa ke so ke nan ya gani.

Kafin la'asar ya sayi goro ya raba a masallaci. Ya gaya wa liman, ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa Autansa ya yi wa wansa kara.

Ba a yi nisa ba Yaya ya zo daga Ɗanzomo a babur, ko sallamar kirki bai yi ba. Ina nan a zauren. Ya durƙusa dai, don ba a haife shi da rashin kunya ba, amma ya ajiye sammacin kotu a kan buzun Kawu, ya ce, "Baba, ashe da saninka. Auta ya ce ya gaya maka, ka sa masa albarka. Har ya nuna wa mutane saƙonka. Ga sunanka nan, kai ne shaidarsa na farko."

Kawu ya sa tabarau, ya karanta takardar daga sama har ƙasa, a hankali, yadda ya saba. Ya ce, "Ba haka na karanta ba." Yaya ya ce, "Baba, kai ne fa magatakarda." Ya tashi ya tafi, kuma daga ranar bai sake taka zauren ba sai da aka kira shi ɗaukar gawa.

Washegari Kawu ya ce in raka shi kotu. Muka hau adaidaita. Teburin bakin ƙofa babu shi, an sa benci a wurin. Magatakardan yanzu mutum ne mai ladabi, ya san Kawu, ya taso ya ba shi kujerarsa. Kwamfutar na gabansa a kashe, ba wuta, ya ce suna jiran a kawo man janareto. Bokiti na nan a kusurwa, sai dai na roba ne yanzu.

Kawu ya ce, "Ɗana, alfarma na zo nema. Akwai wata ƙara, ta 'ya'yana ce. Ka riƙe mini ita ta kwana biyu, in ga abin da zan iya."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wallahi da tana hannuna da na riƙe. Ba ta nan take shigowa ba. Ni ma a nan nake ganinta, ta riga ta samu lamba, an riga an sa rana. Ko harafi ba ni da ikon taɓawa. Sai dai wanda ya shigar ya janye ta hannun lauyansa."

Kawu ya ce, "To wa zan gani? A sama ma ai akwai mutum."

Ya ce, "Akwai mutane, Baba, amma ba wanda ƙarar ke bi ta gabansa."

Kawu ya daɗe yana kallon bencin nan na bakin ƙofa. Sannan ya yi godiya, ya sa wa mutumin albarka, muka fito. A adaidaita, da muka kusa gida, ya ce, "Uwata, kin yi gaskiya rannan. Ki yafe mini tsiyar da na ce miki." Na fi son da ya sake zagina.

Ya kira Auta a gabana. Na ji muryarsa ta wayar yana cewa, "Haba Baba, ai na sanar da kai, ka ce na kyauta. Yanzu an biya kotu, an biya lauya, duk Kano an san na shigar. In na janye Yaya zai ce tsoro na ji." Kawu ya ce, "Kuskurena ne, ni na karanta ba daidai ba. Ka dube ni." Auta ya ce zai yi shawara. Shawarar ke nan har yau.

Bayan nan ya daina zama a zaure, don kada masu cin goronsa su tambaye shi. Masallaci ma sai an tayar yake shiga, ana sallamewa ya fito. Tuwon da nake aikawa yakan dawo da miyarsa a kwance. Ba wata babbar cuta likita ya samu ba, hawan jini ne da ya daɗe da shi. Abin da ya fi damunsa, ya gaya mini, shi ne ranar da za a kira shi ya tsaya tsakanin 'ya'yansa ya rantse, duk abin da ya faɗa ɗaya zai fita yana ganin ubansa ya kashe shi. Allah bai nuna masa ranar ba. Da hantsi na aika da kunu aka tarar ya cika, shi kaɗai a ɗaki.

An yi uku, an yi bakwai, tabarma biyu ba ta zama ɗaya ba. Liman ya yi magana, dattawan unguwa sun yi, ni ma na yi har muryata ta dushe. Yaya ya ce ba shi ya kai ba, wanda ya kai ya janye. Auta ya ce Yaya ya fara neman sa.

Ranar shari'a na je, na zauna a bencin baya cikin mata. Yaya na gefe guda, Auta na gefe guda da lauyansa. Ba wanda ya tuna ya gyara takardun, ko kuwa kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Aka kira ƙara, aka ce a shigo da shaida na farko. Mai kira ya fita bakin ƙofa ya ɗaga murya ya kira sunan Kawu, cikakke, tsirara, ba Malam ba Alhaji, a farfajiyar da ya yi rayuwarsa. Ya saurara. Ya sake kira. Na ji kamar zan ji takun sandarsa.

Alƙali baƙo ne a Gumel, bai san komai ba. Ya dubi Auta ya ce, "Mai ƙara, ina shaidarka? Wane ne shi a wurinka?"

Auta ya miƙe. Ya buɗe baki, ya rufe. Lauyan ya taɓa shi, ya sake buɗewa, ba abin da ya fito sai hawaye. Daga ɗaya gefen Yaya ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinmu ne. Mun binne shi."

Alƙali ya cire tabarau ya yi musu ta'aziyya, ya ɗage zama sai bayan kaka, ya ce kada kowa ya taɓa gonar kafin nan.

A waje na tsaya ina kallonsu. Auta ya sallami lauyansa ya tsaya a bakin get, hannu a aljihu. Yaya ya tayar da babur ɗinsa, ya zo daidai get ɗin ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na aiki. Bai waiwaya ba, amma ya matsa gaba a kan sirdin, ya bar wuri a baya. Ina ta cewa a zuci, hau mana, ɗan banza, hau! Auta ya dubi wurin nan, ya ɗaga ƙafa kamar zai taka, sai ya tsaya yana jiran a ce masa hau. Yaya kuma yana jiran a ce masa tsaya. Ba wanda ya ce komai. Can Yaya ya sa giya ya hau titin Ɗanzomo shi kaɗai.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka abin da ka sani da wanda ka karanta ba daidai ba, ya sa kabarinka ya fi zaurenka yalwa da abokan zama. Mu da muka rage, Allah ya ba mu mai ce mana hau.